Mijinta Ne Tafinta

Likita ya yi magana ta kusan minti goma bai tsaya ba. Ya jawo farar takarda ya zana wani abu kamar kifaffen kwano, ya ɗiga baƙin ɗigo a cikinsa, ya ja layi ya zagaye kwanon duka, sannan ya ɗaga yatsu biyu yana kallon Akawu. Mai Ɗinki tana zaune a gefe a kan kujerar roba, ta tattare mayafi a ƙirji, ko kalma ɗaya ba ta tsinta ba. Karatunta bai wuce aji uku ba, yaren da likitocin nan suke yi kuwa sai wanda ya yi nisa a boko.

"Me ya ce, Baban yara?"

Akawu mijinta ne. Shekara goma sha tara yana rubuce-rubuce a ofishin wani kamfanin dakon kaya, har sunan aikin ya danne nasa. Ya gyara zaman hularsa, ya yi gyaran murya.

"Ya ce ƙari ne kawai. Zai narke da magani."

Likita ya sake cewa wani abu, da alama tambaya ce. Akawu ya juyo.

"Wai kina so a kwantar da ke a nan wata guda, ko kuwa ki sha maganin a gida?"

"Wata guda?" Ta girgiza kai da ƙarfi. "Wa zai kula da yara? Ga ɗinkin mutane jibge a ɗaki. A'a, a ba ni in tafi gida."

Likita ya ga girgiza kan nan da idonsa. Ya cire tabarau ya murza ido.

Ga abin da ya faɗa, tunda ita ba a faɗa mata ba. Ya ce ƙullutun da ke cikin mamanta na hagu ciwon daji ne. Ya ce an ci sa'a bai riga ya bazu ba. Ya ce idan aka cire maman gaba ɗaya cikin mako biyu, aka bi da ruwan magani ta jijiya, yana kyautata zaton za ta rayu har ta aurar da 'ya'yanta. Yatsu biyun da ya ɗaga, mako biyun ke nan. Tambayar da ya yi kuwa ita ce, ta yarda a yi mata aikin? Akawu ya mayar masa da amsa tsaf babu gargada, cewa matarsa ta ji, ta fahimta, ta ce ba wanda zai sa mata wuƙa.

A sashen ciwon daji na asibitin nan likitoci biyar ne. Duka maza ne, duka daga nesa aka kawo su, kuma babu ko ɗaya da ke jin yaren mutanen da ke cika masa benci tun da sassafe. Asibitin ba shi da tafinta. Idan aka sami marar lafiyar da ba ta ji, sai a leƙa a kira wata tsohuwa mai shara, ta jingine tsintsiya ta shigo ta fassara gwargwadon iyawarta. Ranar nan ma nas ta buɗe ƙofa za ta kira ta, Akawu ya ɗaga hannu. Ya ce shi da iliminsa, a ɗauki sirrin iyalinsa a zuba wa mai goge-goge? Nas ta maida ƙofa ta rufe. Mutum sittin ke jira a waje, wa yake da lokacin gardama.

Aka kawo takardar da ke cewa marar lafiya ta ƙi aiki don kanta, ba wanda ya tilasta ta.

"Dangwala hannu a nan," in ji Akawu. "Ta karɓar magani ce."

Ta dangwala. Har godiya ta yi wa likita, ta ɗan rusuna kafin ta fita.

Kada wani ya ce talauci ne. Kamfanin da Akawu yake wa aiki yana ɗaukar jinyar iyalan ma'aikata, ko sisi ba zai fita daga aljihunsa ba. Abin da ya tsaya masa a wuya daban ne. Dama sai da ya ɓata wata biyu yana yawon neman likita mace kafin ya yarda aka ɗebi ɗan nama aka auna, shi ma yana tsaye a kansu fuska a murtuke. Yanzu kuma a ce masa wasu ƙarti za su kwantar da matarsa su buɗe mata ƙirji, su maido masa da ita gefe ɗaya a shafe? Tun a mota ya gama shawara da kansa. Da suka isa gida ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya jawo ƙofa, suka daɗe suna ƙus-ƙus.

Inna ta fito da fara'ar da Mai Ɗinki ba ta saba gani ba.

"Allah ya raba ki da likitocin nan, 'yar nan. Da wuƙa suke kwana, da ita suke tashi. Mace ai da halittarta cikakkiya ya kamata ta koma ga Mai ita."

"Ai ba su ce za su yanka ba, Inna. Magani suka ce."

"To, madalla," in ji Inna, ta kau da kai.

Maganin da Akawu ya kawo, na rage zafi ne da na ƙarin jini, daga kantin magani na bakin titi. Ya ɓare su daga kwalinsu ya zuba a wata farar roba. Mai Ɗinki ba ta taɓa tsallake ko ƙwaya ɗaya ba. Safe da yamma take sha, da bisimilla. Inna kuma ta samo wani baƙin mai a kwalba daga wajen wani mai magani, ana shafawa ana ɗaurewa da tsumma.

Wata biyu ƙullutun bai narke ba, girma ya yi. Fatar wurin ta yi kauri ta yi ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo. A wata na uku wani ya fito a hammata. Ita kuwa keken ɗinkinta ne rayuwarta. Yana nan a bakin taga, ƙafa na takawa, hannun hagu na tura yadi a ƙarƙashin allura. Hannun nan ne ya fara kumbura. Da farko zobe ya ƙi fita, daga baya hannun riga ya ƙi shiga. Ran nan tana yanka yadin wata malamar makaranta, zafi ya soke ta, almakashi ya zarce ya ci rabin gaban riga. Ta zauna riƙe da yadin tana hawaye, ba don zafin ba. Shekara ashirin tana ɗinki ba ta taɓa ɓata kayan mutum ba.

"Baban yara, abin nan fa ba ya raguwa."

"Ke kin cika gaggawa. Magani ai sai ya tara ciwon wuri ɗaya kafin ya kashe shi."

"Haka likitan ya ce?"

"To da ni zan ƙirƙira?"

Ta ba shi haƙuri.

A wata na huɗu yayarta ta zo daga wata unguwa. Ita Yaya ba ta da boko, amma tana da baki, kuma ba ta taɓa shiri da Akawu ba. Da ta ga ƙirjin ƙanwarta sai ta yi salati, ta fita tsakar gida ta tsare shi yana goge takalmi.

"Gobe za ka maida ta asibiti, kuma da ni za a je."

"Za ni, amma ban da ke. In kin je me za ki ji? Ƙara musu cunkoso kawai za ki yi."

"Ko ban ji ba ina da ido."

"Yaya, iyalina ne. Ina ganin girmanki, kada ki sa in daina."

Washegari suka koma su biyu. A benci Mai Ɗinki ta ga wata mata da ta gane. Ranar zuwansu na farko tare suka yi layi, mai jar jaka ce, mai jin yaren likitoci. A ranar ta lura matar ta yi rabin awa a ciki, ta fito da takardu cike da hannu, har likita ya rako ta bakin ƙofa suna magana. Irin su Mai Ɗinki kuwa ko rabin haka ba sa samu, a shiga a fito kamar an je karɓar saƙo. Yau mai jar jaka ta rame, ɗankwalinta ya lafe a kan da babu gashi, gefen ƙirjinta ɗaya a shafe. Mai Ɗinki ta ji tausayinta ƙwarai. Ta ce a ranta, baiwar Allah, ita nata mai tsanani ne, ni Allah ya rufa min asiri.

Da likita mai tabarau ya ga yadda wurin ya koma, sai ya miƙe tsaye. Ya ɗaga murya, ya bugi tebur da bayan biro, yana nuna fayil yana nuna Akawu. Ko sau ɗaya bai tsaya ya dubi idonta ya gwada ko da nuni da hannu ba. Da mai jin yarensa yake magana, shi ya fi sauƙi. Cewa yake yi har yanzu da sauran dama, ƙarama ce amma akwai, a kwantar da ita yau ɗin nan.

"Me ya sa yake faɗa?" ta tambaya.

"Ya ce kin yi wasa da magani. Ba kya sha a kan lokaci."

"Wallahi ina sha. Ko sau ɗaya ban tsallake ba."

"To shi dai haka ya gani."

"Ka ba shi haƙuri. Ka ce masa zan ƙara kiyayewa."

Ta haɗa hannu biyu tana kallon likita, tana roƙon gafarar laifin da ba ta yi ba. Likita ya ga mace tana roƙo, ya ɗauka roƙo take a ƙyale ta. Ya rubuta a fayil cewa har yanzu marar lafiya tana kan bakanta. Ya kira na gaba.

A wata na shida wurin ya fashe. Daga nan ne wari ya shigo gidan. Tana wankewa sau uku a rana da ruwan ɗumi da gishiri, tana canza tsumma, amma kafin azahar ya dawo. Masu kawo ɗinki suka fara tsayawa daga bakin ƙofa, su miƙo yadi da tsawon hannu. Daga baya suka daina zuwa, wasu ma aike suka yi a karɓo musu kayansu ko ba a ɗinka ba. Autarta mai shekara shida, wadda ba ta barci sai a jikinta, ta fara zamewa idan ta jawo ta. Wannan ya fi ciwon ci mata rai.

Akawu ya kwashe shimfiɗarsa ya koma falo. Ya ce katifar ce take sa masa ciwon baya. Ya sayo turare manyan kwalabe biyu ya ajiye mata a kan keke, ya ce kyauta ce. Ya daina cin abincin da ta taɓa, ya ce ba ya so ta wahala, Inna ta riƙa girkawa. Kullum da safe zai tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a hannu, bai taɓa ƙetare dokin ƙofar ba.

"Ya jiki?"

"Da sauƙi."

"To, Allah ya ƙara sauƙi. A dai riƙa shan magani."

A waje kuwa sai yabonsa ake yi. Mutumin kirki, matarsa na jinya bai gaji ba, shi ke kai ta asibiti da kansa. Yana jin haka sai ya sunkuyar da kai ya ce ai haƙƙi ne.

Ita fa ba wawuya ba ce. Tambayoyi suna zuwa mata. Me ya sa likita zai bugi tebur a kan ƙwayar ƙarin jini? Me ya sa Inna ba ta iya haɗa ido da ita? Amma duk lokacin da zargi ya taso sai ta yi istigfari ta kore shi. Mutumin da ka haifa wa 'ya'ya huɗu, in ba ka yarda da bakinsa ba, da na wa za ka yarda? Kuma ko ta ƙi yarda, wa za ta tambaya? Duk asibitin nan ƙofa ɗaya take da ita, ita ce bakin mijinta.

A wata na tara tari ya kama ta, bayanta kuma ya riƙe. Wata Talata da hantsi, Akawu yana ofis, ta miƙe za ta ɗauko zare daga saman kabad, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Ta faɗi tsakanin keke da gado. Allah ya sa Yaya tana gidan. Inna ta ce a jira maigida ya dawo. Yaya ta ce in ya dawo ya tarar da su a can, ta fita ta tsayar da tasi.

A benci, cikin azabar da take ciki, Mai Ɗinki ta sake ganin mai jar jaka. Da ƙyar ta gane ta. Ta yi ƙiba, gashi ya leƙo ta gefen ɗankwali, tana waya tana dariya. Dubawa kawai ta zo a yi mata.

Aka tura su ɗaki na uku. Ba mai tabarau ba ne a ciki. Wata mata ce doguwa da farar riga, ba za ta wuce shekara arba'in ba, tana wanke hannu.

"Sannu, 'yar'uwa. Hau nan ki kwanta a hankali. Tun yaushe bayan yake ciwo?"

Mai Ɗinki ta waiga tana neman wanda ya yi maganar. Ta ɗauka tsohuwa mai shara ce ta shigo.

"Ni ce," in ji likitar. "Ɗaya daga cikin likitocin nan ne ya tafi hutu, aka aro ni na mako uku."

Sai kawai Mai Ɗinki ta fashe da kuka. Wata tara tana zuwa wurin nan, yau ne aka fara yi mata sannu.

Likitar ta kwance tsumman da hannunta, ba ta yamutsa fuska ba. Ta duba, ta danna hammata, ta saurari ƙirji, ta tura aka yi hoto. Da hoton ya dawo ta daɗe tana kallonsa, sannan ta buɗe fayil tana juya shafi. Ta jawo kujera ta zauna dab da gadon.

"'Yar'uwa, zan tambaye ki wani abu, ba faɗa zan yi miki ba. Me ya sa kika ƙi aikin?"

"Wane aiki?"

"Aikin cire maman. Tun zuwanki na farko."

"Ba wanda ya ce min za a yi aiki. Ƙari ne, aka ce zai narke da magani."

Likitar ta koma kan fayil. Ta zaro takarda ta nuna mata shuɗin tambarin yatsa a ƙasa.

"Wannan hannunki ne?"

"Nawa ne. Ta karɓar magani ce."

"Wa ya ce miki haka?"

Mai Ɗinki ta ƙura wa tambarin yatsanta ido. Yaya da ke tsaye a gefe ta dafa bango.

Likitar ba ta ɓoye mata komai ba. Ta karanta mata takardar layi bayan layi. Ta karanta abin da aka rubuta ranar farko, da mako biyun, da abin da aka rubuta ranar da likita ya bugi tebur. Mai Ɗinki tana ji, tana ganin kanta a ranar, ta haɗa hannu tana ba da haƙuri.

"To a cire yanzu," ta ce. "Na yarda. A cire duka biyun ma. Me zan yi da su? Autata shekararta shida."

"Ya riga ya shiga huhu, ya shiga ƙashin baya. Ko an cire yanzu ba zai tsayar da shi ba. Zan ba ki abin da zai kashe zafin sosai, da abin da zai rage warin. Wannan zan iya."

"Da an yi a lokacin fa?"

Likitar ta dube ta ido cikin ido. "Da an yi a lokacin, ina kyautata zaton da yanzu kina kan kekenki."

Ana haka Akawu ya turo ƙofa yana haki, Inna ta yi masa waya. Da ya ga farar riga sai ya saki yaren boko, yana bayani yana nuna kansa, shi ne mijin, shi ke fassara mata.

"Malam, yi da yaren da za ta ji," in ji likitar. "Jikinta ne."

Ya tsaya cak. Ya ga takardar a kan cinyar matarsa. Gumi ya keto masa.

"Maman yara, ki tsaya ki ji. Ban so hankalinki ya tashi ba ne. Ke kin san kanki da tsoro."

Ta ci gaba da kallon takardar.

"Kuma maza ne fa. Maza huɗu, biyar, a kanki, ba riga. Da akwai mace irin wannan tun farko, wallahi da ban hana ba. Laifin asibiti ne. Sannan ki duba, mace a cire mata... ya za ki kalli kanki? Ni don ke na yi. Inna ma ta ce akwai waɗanda mai magani ya warkar." Ya juya wajen likitar. "To yanzu na amince. A kawo takardar in sa hannu, a yi aikin yau."

"Da ma ba kai ake tambaya ba," in ji likitar. "Kuma lokacin ya wuce."

Mai Ɗinki ta ce a kira mata mai tabarau. Ya zo, aka yi masa bayani, ya riƙe fayil ɗin kamar zai faɗi daga hannunsa. Ya yi magana a hankali, likitar ta fassara. Wai ya yi baƙin ciki ƙwarai. Wai ya ga ta girgiza kai da idonsa. Wai mutum sittin yake gani a rana, kuma ya sha rubuta wa manya cewa a kawo masu jin yaren mutane, ba a kawo ba.

"Ki faɗa masa na ji," in ji Mai Ɗinki. "Ki ce masa wata tara yana duba mijina, ni rakiya nake yi."

Likitar ta faɗa masa.

Kafin su tafi Mai Ɗinki ta riƙe hannun likitar. "Ke za ki zauna a nan?"

"Mako uku aka ce. Na nemi a bar ni, sun ce babu gurbi. A ajinmu gaba ɗaya ni kaɗai ce daga cikin mutanenmu, kuma ni kaɗai ce mace da ta bi wannan fannin. Duk inda na je haka nake tarar da benci."

Aka turo ta a keken marasa lafiya ta gaban bencin. Mata ne jere, kowace da namiji a gefenta riƙe da katinta.

A gida 'yan dubiya suka fara sintiri. Daga ɗaki tana jiyo Akawu a falo yana karɓar gaisuwa. Ya ce likitocin nan ne ba su gano abin da wuri ba, ka san asibitin yanzu. Inna ta ce ƙaddara ce, abin da aka rubuta wa bawa ba ya wuce shi. Baƙi suka ce haka ne, Allah ya saka masa da alheri a kan ɗawainiyar da yake yi. Ya ce amin, murya na rawa, har da share ido. Yaya ta so ta fita ta tona masa asiri a gaban kowa, Mai Ɗinki ta riƙe mata zane. Ta ce 'ya'yanta za su ci gaba da zama a gidan nan, ba ta so a riƙa nuna su da baki.

Amma ba ta yafe ba, kuma ba ta yi kamar ta yafe ba.

Ranar Asabar da safe Yaya ta shigo da roba da ruwan ɗumi da auduga, za ta wanke mata ciwon kamar yadda ta saba. Mai Ɗinki ta ce ta ajiye.

"Kira min shi."

Akawu ya zo ya tsaya a inda ya saba tsayawa, a bakin ƙofa. Inna na bayansa.

"Ya jiki?"

"Shigo."

"Ina sauri ne, akwai wanda zan..."

"Yau Asabar. Shigo."

Ya shigo taku biyu. Da hannun dama, don na hagu ya daina ɗaguwa, ta kwance tsumman a hankali ta ajiye a gefe. Wata uku rabon da ya ga wurin. Ya kai hannu hanci bai sani ba.

"Haba 'yar nan," in ji Inna, "wannan ai ba aikin namiji ba ne."

"Inna, da ake yanke shawara a kansa aikin namiji ne. Ku biyu kuka rufe ƙofa." Ta maida ido kan mijinta. Muryarta ba ta tashi ba, numfashin ma ba zai bari ba. "Sauke hannunka. Ga shi nan, ba a cire ba. Ba namijin da ya taɓa maka shi. Kai ka ce a bar maka, an bar maka. Zo ka wanke kayanka."

"Maman yara, don Allah..."

"Ban da lokacin don Allah. Ruwan zai huce."

Ya dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa. Ya dubi Yaya, ta tura masa robar da ƙafa. Ya durƙusa a gaban gadon, wandon da ya sha guga ya taɓa siminti. Ya tsoma auduga a ruwa, ya goga a gefe-gefe inda fata ke da lafiya, ya kau da fuska.

"Ba nan ba. Ciki. Kuma ka kalla."

Ya kalla. Ya goga. Hawaye da majina suka haɗe masa. Ita kuwa zafin ya sa ta damƙe zanen gado, amma ba ta rufe ido ba, tana kallon tsakar kansa inda furfura ta fara fitowa. Sai da ya canza ruwa sau biyu ta ce ya isa. Ya ɗaure da sabon bandeji, a karkace, ya miƙe da robar a hannu zai fita.

"Baban yara."

Ya tsaya bai juyo ba.

"Gobe ma ƙarfe bakwai. Kullum. Ba zan daɗe ina wahalar da kai ba, likita ta faɗa min, kuma wannan karon da kunnena na ji."